Ƙusa Biyu a Bayan Ƙofa

Tun hantsi kafinta ya gama kafa ƙofar, amma ya ƙi tattara kayansa. Gidan wata mai ɗinki ne na ƙarshe da 'yan sa-kai irinsa suka sake ginawa bayan wutar daji ta cinye unguwar, gobe kuma mota za ta kwashe su.

Ta shigo tana shafa sabon bango, sai idonta ya faɗa kan ƙusoshin rataya biyu a bayan ƙofa.

"Malam, ni kaɗai ce a gidan nan. Ta biyun fa, ta waye?"

Ya sunkuyar da kai yana juya guduma. "Ni ma ƙusa ɗaya ce a ɗakina, shekara tara ke nan. Idan kin yarda, ba sai na hau motar nan ba."

Ta daɗe tana kallonsa, har ya fara sa rai. Sannan ta zaro hular mijinta daga jaka, wadda wuta ta lashe gefenta ranar da ya koma ɗauko mata keken ɗinki bai fito ba. Ta rataye ta.

"Ka auna daidai," ta ce a hankali. "Tsayinsa ke nan."

Ya ɗauki kayansa. Ƙofar da ya kafa ta rufe a bayansa, ko ƙara ba ta yi ba.