Tukunyar Toka a Ƙarƙashin Gadon Inna

Ka zo kana ce mini kakarku ta rasu ba ta bar muku komai ba sai tarkace. Zauna tukuna ka ji labarin wata tsohuwa mai lambu.

Tsohuwar nan ta daɗe a duniya har ta gaji da zuwa sunan tattaɓa-kunne. Lambunta yana bayan gida kusa da rijiya, kuma da shi ta riƙe gidan tun mijinta na da rai har bayan ransa. Akwai lalo, akwai alayyafo da yakuwa, amma abin alfaharinta gauta ne, wani iri fari mai zaƙi-zaƙi da ta taho da shi daga gidan uwarta ranar da aka kawo ta amarya. Kowa a gidan yana son ta, kowa kuma yana shakkar ta, don tana iya yafe maka zagi amma ba ta yafe wa wanda ya taka mata shuka. Awakin unguwa sun san sandarta, surukai ma sun sani. 'Ya'ya da jikoki dai gwanayen cin gauta ne, amma ba wanda ya taɓa tsayawa ya ga yadda take ajiye iri. Ita kuwa takan bar manyan su nuna har su yi ja, ta matse 'ya'yan ta shanya, ta cuɗa su da tokar murhu don kada ƙwari su ci, ta zuba a tukunya ta tura ƙarƙashin gado. In ta kira wani ya zo ya gani, nan take zai tuna ana jiran sa a waje. Da ajali ya zo sai ya zo da rani, bayan lambu ya bushe. Ta yi sallar la'asar, ta kishingiɗa a tabarma, shi ke nan. Gida ya cika da masu gaisuwa, tukwane suka sha wuta har aka rasa abin wanke su. Sai matar autanta, mace mai zafin nama, ta leƙa ƙarƙashin gado ta ga tukunya cike da toka tankaɗaɗɗiya. Ta jawo ta tana cewa, “Allah ya jiƙan Inna, ko bayan ranta tana taya mu wanke-wanke.” Aka yi ta dirzar tukwane da ita, ana ma yaba ta, wai tana da ɗan kaushi mai fitar da baƙi. Kafin sadakar arba'in an cinye tokar tas, ruwan wankin ya bi makwarara ya fice bayan katanga.

Da damina ta gabato, babbar 'yar ta ce a shuka gautan Inna don kada sunanta ya mutu tare da ita. Nan aka shiga neman iri. Aka farke matashin kai, aka kwance duk wani ƙulli da ke bakin zannuwanta, aka zazzage ƙorai, har wani jika ya hau rufin ɗaki ya sauko da harbin zanzaro. Da aka rasa sai aka koma zargin juna. Aka ce 'yar da ke aure a birni ce ta sulale da shi, ita kuwa ta rantse ko tukunyar fure ba ta da ita. Aka ce maƙwabta ne. Wa da ƙane suka daina gaisawa a kan irin da ba wanda ya san kamarsa a cikinsu. A ƙarshe aka sayo iri a kasuwa, aka shuka a lambun, ana ba shi taki ana lallaɓa shi. Ranar da ya yi 'ya'ya aka taru, babbar 'yar ta tsinko na farko ta gatsa, sai fuskarta ta yamutse, ɗaci kamar maɗaci. A nan ta tabbata ɗanɗanon uwarta ya bar duniya, ta fashe da kukan da ba ta yi ba ranar jana'iza. Ta zaga bayan katanga don ta tofar ta yi kukanta ba mai kallo, sai ga wasu 'yan gindi a bakin makwarara, cikin tafasa da ƙazantar wanke-wanke, akuya ta cinye rabi, sauran ɗauke da farin gauta. Wurin nan kullum ana wucewa ana toshe hanci. Ta tsinka, ta goge da bakin zane, ta gatsa, sai ta zauna daɓas a ƙasa tana dariya hawaye na zuba. Da aka bi sawun ruwan har gindin wurin wanke-wanke, matar auta ta ɗora hannu a ka, ta ce ita dai ta ga toka. Ba wanda ya isa ya ga laifinta, don duk wanda ke wurin ya ci tuwo daga tukunyar da aka dirza da gadon uwarsa. Ranar wa da ƙanen nan suka saro ƙaya tare suka shinge makwarara, manyan mutane da furfura suna gadin kwata kada akuya ta ƙarasa.

Shi ya sa Bahaushe ya ce rashin sani, kaza ta kwana kan dami.