Begilar Saje Alkasim

Halliru ya sauke takunkumin fuska zuwa haɓa, ya faki ido ya danna ɗan maɓallin da ke ɓoye a bakin begilar, sannan ya ɗora ta a leɓe ya kumbura kumatu kamar da gaske. Busar bankwana ta cika maƙabartar. Tsofaffin sojojin Malesiya suka ƙame suka sara wa kabarin ɗan'uwansu, har da masu share hawaye. Shi kuwa mai busar, ko iskar kashe ashana bai fitar ba.

Saje Alkasim ne ya jefa shi cikin wannan aiki. Tsohon soja ne mai tabo a leɓen sama, wanda ya zo da matarsa Ramatu ganin jika a unguwar Wangsa Maju ta Malesiya, korona ta rufe iyaka suka maƙale. A masallacin unguwa ya saba da wasu tsofaffin soja da ke raka gawar abokan aikinsu don Allah. Annoba ta ɗauke musu mai busa, shi kuma Saje ƙirjinsa ya daina ɗaukar doguwar busa. Sai ya kai tsohuwar begilarsa wurin wani mai gyaran waya a unguwar Chow Kit, aka dasa mata 'yar na'ura mai kunna naɗaɗɗiyar busa a ciki, ya miƙa wa Halliru.

Halliru ya taɓa sa kaki, amma koyarwa ya yi a makarantar bariki kafin ya zo karatun digiri na uku. Tsayi dai Allah ya ba shi, ga kafaɗa, ya kuma iya ƙamewa. Tsofaffin sun san sirrin, iyalan mamata ba su sani ba. In sun zo yi masa godiya sai ya sunkuyar da kai, su ɗauka kunya ce ta tawali'u, alhali kunyar marar gaskiya ce.

Abu ɗaya ke ƙona masa rai. Can a ƙarshen busar, inda ya kamata sauti ya miƙe ya mutu a hankali, sai ya ɗan karye. Kullum a nan yake jin kamar za a waiwayo a dube shi. Wata rana suna dawowa a jirgin ƙasa ya kasa haƙuri.

"Baba Saje, wallahi wanda ya yi recording ɗin nan ɗan koyo ne. Ji ƙarshen fa, kamar akuya ta shaƙe! Ranar taka jana'izar da bakina zan busa maka, ba zan bari wannan ya raka ka ba."

Saje ya shafa leɓensa ta saman takunkumi, ya yi 'yar dariya. "To, Allah ya ba ka iko."

Halliru ya ɗauki maganar da gaske. Ya dinga shiga banɗaki yana gwaji, har maƙwabcinsa ya gaji ya fara buga bango. Watarana sauti ya fito, watarana iska zalla. Yana cewa da sauran lokaci, sai ga wayar Imran, surukin Saje: cutar ta kwantar da tsohon, kuma asibiti ba a shiga. Ba a yi nisa ba aka sake kira, rai ya yi halinsa.

Masu fararen rigunan kariya ne suka binne shi, sauran mutane suka tsaya daga nesa. Imran ya ɗaga waya sama don Ramatu da 'yarta su gani daga gida. Da aka shafa addu'a, shugaban tsofaffin ya dubi Halliru, domin ya riga ya ji labarin alkawarin.

"Boleh?" ya tambaya a hankali da yarensu, wato ko zai iya.

Halliru ya gyaɗa kai. Ya ɗora begila, ya ja numfashi, ya hura. Abin da ya fito ko yaro ba zai yarda nasa ba ne. Ya sake hurawa, duk ɗaya. Kowa ya ƙame yana jira, ga wayar Imran ta dubo shi. Sai ya sauke begilar kamar mai gyara riƙo, ya danna maɓallin.

Busar ta tashi tsaf, ta zo ƙarshe ta karye inda ta saba karyewa. Halliru ya ji da ƙasa za ta tsage da ya shige. Mutumin da ya riƙe shi kamar ɗa, alkawari ɗaya ya yi masa, shi ma ya ci amanarsa a gaban kabarinsa.

Yana cusa begilar a jaka don ya sulale, Imran ya tare shi da waya. "Mama na son magana da kai."

Ya karɓa. "Mama, ki yafe mini. Ba ni ne na..."

"Na sani, ɗana," in ji Ramatu, muryarta a dushe. "Ai tun da aka fara na gane. Da na ga ka ɗaga ta da farko, addu'a nake yi Allah ya sa ka bar shi."

"In bar wa, Mama?"

"Baban naka mana. A falon nan ya tsaya ya busa muku ita yana haki, aka ɗauka a waya, kuma tun da harsashi ya tsaga masa leɓe a Laberiya, a daidai nan wurin take karye masa."