Kujerar da Zhao Ya Ƙi

"Ban isa ba, yallaɓai. A ba wani," in ji Zhao, yana jiran darakta ya sake yi masa tayin shugabancin injiniyoyi. A garinsu sai an matsa maka kake karɓa.

Darakta bai sake ba. Ya ba Raghavan, abokin aikinsa, sarkin surutu a taro.

Zhao ya daina gaishe da Raghavan. Shi kaɗai yake cin shinkafarsa gaban kwamfuta.

Ranar da Raghavan zai koma birnin Sydney kama sabon aikin, ya zo ya tsaya a kan Zhao.

"Dattijo, bakina har ya gaji da kai sunanka wurin darakta. Me ya sa ka ƙi? Yanzu ga shi an raba ni da nan Melbourne, kuma kai kaɗai ne abokin da nake da shi."