Makullin da Sai an Murɗa

"Cire makullan tayan nan masu kulle kansu, sa min na hannu," Yakuba direba ya ce wa Abdou makaniki a unguwar Maourey. Duk ranar da ya ɗauko hatsin sojoji ya bi ta makabartar waɗanda yunwar bana ta kashe, sai makullan da ke haɗa tayoyin gaba da inji su kama da kansu, motar ta ja shi cikin rairayi.

Abdou ya canza su. "Yanzu kam sai mutum ya sauka ya murɗa."

Washegari da rana tsaka, daidai makabartar, Yakuba ya ji ƙas! ƙas! Ya sauka ya duba. Babu kowa. Makullan biyu a murɗe, ga shatin ƙananan yatsu a kan sabon man da Abdou ya shafa musu.

Ya ɗaga kai. Ga irinsu a jikin buhunan hatsin.