Dutsen Wuyan Barira

Tun da aka rataya wa 'yan makaranta dutsen wuyan nan mai auna dariya, asirin iyaye ya daina rufuwa. In yaro yana dariya baki buɗe, dutsen ya yi fari tas. In ba ya yi, ya dushe. Na Barira ya yi baƙi ƙirin, shi ya sa aka kira uwarta Tasalla asibitin haƙori.

"Lafiyarta lau," in ji Tasalla, idonta a bango. "Kunya gare ta. Ko murmushi za ta yi sai ta rufe baki da mayafi. Kowa yabonta yake."

"Yaushe rabonki da duba bakinta?" likitar ta tambaya.

Tasalla ta kau da kai. Barira 'yar farinta ce, don kunya ko sunanta ba ta faɗa, balle ta tallafo haɓarta.

"Buɗe baki, Barira," in ji likitar.

Haƙoran gaba sun ruɓe, dasashi ya kumbura suntum. Yarinyar ta sunkuyar da kai.

"Na so in nuna miki, Inna. Kullum wani wajen kike kallo."

Tasalla ta ja nata mayafin, ta rufe baki.