Abin da Ya Kashe Sensar Firji

"Wannan ne injiniyan?" Maigida ya tambayi matarsa yana yatsina fuska. "Ko takalmin ƙafarsa bai iya gyarawa ba. Sallame shi kawai."

Kwana uku firjin yana daskarar mata da ƙwai da kayan miya. Mai gyara ya ce sensar da ke auna sanyi ce ta mutu.

"Sensa!" in ji Maigida. "An haddace kalma ɗaya, an ishe mu."

Mai gyaran yana ɓalle murfin bangon cikin firjin, cakulan shida da aka cusa a ciki suka zubo.

"Hajiya," in ji shi, "masu tsinke wayar sensar ke nan."

Ta juyo wajen mijinta a hankali. "Ba kai likita ya hana shan zaƙi ba?"

Maigida ya yi tsaki. "Kin gani? An ce ya yi gyara, ya ɓige da bincike."