Shayin da Babu Sukari

Shayin da aka kawo masa babu sukari, kuma shi bai ce kada a sa ba.

Mai Janareta ya ajiye kofin a hankali, ya bi mai masaukin da kallo. Mace ce doguwa, ba ta da yawan magana. Ko jakarsa bai kwance ba a ƙauyen nan na bakin tafki, ina ta san likita ya hana shi zaƙi?

"Baiwar Allah, sukari ya ƙare ne?" ya tambaya. Agwagin da ke kiwo a tsakar gida suka watse.

Ba faɗa yake ba. Muryarsa ce haka. Mutumin da ya tsufa yana gyaran janareta, ko raɗa ya yi sai maƙwabta sun amsa.

"Akwai," in ji ta. Ta wuce abinta.

To, mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Shi da ƙarya ya baro gida. Ya gaya wa matarsa cewa kamfani ya kira shi horo a babban birni, can inda masu yawon buɗe ido ke taka ƙafar juna don ɗaukar hoto. Gaskiyar magana kuwa kunnensa ne ya gaji, shiru yake nema. Amma da wane bakin zai faɗa? Shi ne fa kullum yake cewa hutu na malalata ne. Duk sanda ta roƙe shi su fita shan iska, wa'azi take sha. In ta ji ya sulale hutu shi kaɗai, har ya mutu ba zai ƙara cin gardama a gidansa ba.

Sa'ar da ya ci, ita ma a ranar, bayan fitarsa, za ta tafi jinyar yayarta mai ciwon baya, kamar yadda take yi duk shekara. Wurin kuma a jikin wani kofi ya gan shi a kicin ɗinsu: hoton tafki, da lambar waya a ƙasa. Babu wanda ya sani. Haka dai yake zato.

Da ya shiga ɗaki sai ya tarar da filo biyu, ɗaya a kan ɗaya, yadda yake so saboda wuyansa. Ya leƙa ƙarƙashin gado. Ya ɗaga labule. Ya zura kai cikin kabad. Babu kowa sai ƙadangare, shi ma bai yarda da kallon da ya yi masa ba.

Washegari abin ya ƙaru. Abincinsa aka rage wa gishiri. Takalmin da ya bari a tsakiyar hanya, kamar yadda ya saba, ya dawo ya same shi jingine da bango. Da rana ya kishingiɗa, sai ya ji an buga bango daga ɗakin da ke kusa, daidai lokacin da minshari ya fara daɗi. Ya fito da sauri. Ƙofar ɗakin a rufe, labule a sake.

"Wa ke ciki?" ya tambayi mai masaukin.

"Baƙo ne. Ba ya son hayaniya."

Ɗan leƙen asiri ke nan, ya ce a ransa. Ƙanin matarsa ne ya turo shi, wannan mai bakin kamar rediyo. Ko yaran shagonsa ne suka sayar da shi?

Ya ga gara ya riga su. Ya rufe tagogi, ya kunna sautin motoci da ya naɗo a ƙaramar wayarsa, ya kira matarsa da babbar wayar.

"Uwar gida! Kina ji na? Birnin nan ba masaka tsinke!"

"Ina jin ka sosai," ta ce a hankali. "Sannu da fama. Ka sha maganinka?"

"Na sha! Ya jikin Yaya?"

"Da sauƙi. Hutu kawai take buƙata."

Wata agwagwa ta yi kuka a waje. Sai ya ji kamar ta sake yi a cikin wayar. Ya tsine wa kamfanin layi, ya kashe.

Maganin kuwa bai sha ba. Gida ya manto shi.

Da la'asar ya dawo daga bakin tafki, sai ga kwalbar maganin a kan teburinsa. Ba irinta ba. Ita ce, da murfinta da ya taɓa fasawa da haƙori.

Nan zuciya ta ɗebe shi. Ya ɗauki kwalbar, ya nufi kicin, ya tsaya a bakin ƙofa yana huci.

"Ke! Wa ya sa ki? Wa ke kai rahotona? In ƙanin matata ne, ki gaya masa na gano shi! Kuma wallahi matata ta ji ina nan, sai na..."

Cokula suka yi ƙara a cikin kwando. Mai masaukin ta goge hannu da tawul, ta dube shi kamar mai tausayi.

"Malam, don Allah rage murya. Mai ɗakin kusa da kai ta ce motarta ta riga taka zuwa, tun kana tasha ta ji isowarka, kuma ka sha maganin bayan abinci. Ta ce in tambaye ka: duk shekara nan take gudowa ta huta da muryarka, yanzu kuma ina kake so ta je?"